Adashi, akwati da gayya: wanne ke fitar da talaka, wanne ke juya talaucin kawai?

Shugaban Zaure:
Assalamu alaikum jama'a. An daɗe ana ja-in-ja a zauren nan. Wasu na cewa adashi da gudummawa ba sa fitar da kowa daga talauci, talakawa ne kawai ke miƙa wa juna ɗan abin da ke hannunsu. Wasu na cewa in ban da su, da gidaje da yawa sun watse. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya ce mutum miliyan 133 a Najeriya na fama da talauci ta fuskoki da dama, kashi 65 cikin ɗari nasu kuma a Arewa suke, saboda haka maganar ta wuce hira. Muna roƙon waɗanda suka san harkar su yi mana bayani da lissafi: yadda ake kafawa, nawa ake zubawa, a ina abin ke lalacewa.

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam. A fara da gaskiyar da ba a son ji: adashi ba ya haifar da ko kwabo. Mutum 10, zubin ₦10,000 duk wata, kwasa ₦100,000. Ka zuba ɗari, ka kwashi ɗari. Amfaninsa biyu ne. Yana mayar da 'yan canjin da ke zurarewa su zama dunƙule, wanda zai sayi keken ɗinki ko buhun gyaɗa a farashin sari. Kuma yana ba mutum hujjar da zai kare kuɗinsa, domin "na zuba a adashi" amsa ce da dangi ke karɓa ba tare da an yi fushi ba.

Amma akwai zaluncin da ke ɓoye a jerin kwasa. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari. A shekara irin wannan, ₦100,000 ɗin da na ƙarshe zai kwasa a wata na goma ba za ta sayi fiye da abin da kusan ₦80,000 ta saya wa na farko ba. Kuma wa ake turawa ƙarshe? Wanda ba a yarda da shi ba, wato mafi talauci.

Uwar Adashi:
Malam Mai Lissafi, lissafinka daidai ne, amma maganinsa sananne ne ga duk mai riƙe adashi da tsoron Allah. Kada zagaye ya wuce wata shida, gara mutum 12 na mako-mako da mutum 12 na wata-wata. In an gama zagaye, a juya jerin, ta ƙarshe ta zama ta farko. Sabuwar shiga ce kaɗai ake sa wa a baya, kuma a zagayenta na farko kawai. In kaya ake son saya, a yi adashin da kayan: kwanon shinkafa ko kwalbar man gyaɗa, kowa ta kawo kwano ta kwashi kwanuka, tashin farashi bai taɓa kowa ba.

Abin da ke kashe adashi ba sata ba ce yawanci. Mace ɗaya ce ke riƙe hannu uku ko huɗu da sunan 'ya'yanta, ta kwashe su a farko, sannan zubin ya fi ƙarfinta. Doka: ba wadda za ta riƙe fiye da hannu biyu, kuma hannayen nan biyu ba sa bin juna a jeri. Na biyu, kada uwar adashi ta karɓi zubi a ɓoye a ɗakinta. A zuba a gaban jama'a, a miƙa wa mai kwasa nan take, kuɗi kada ya kwana.

Maman Tagwaye:
Hajiya, to na kullum fa, wanda mai karɓa ke zagayawa kasuwa da kati?

Uwar Adashi:
Wannan ajiya ce, 'yata, ba adashi ba. Kina zubawa kullum, ƙarshen wata ya ba ki naki ya cire zubin kwana ɗaya ladansa. Ba ya haɗa ki da kowa, in ya gudu ba ki da shaida sai kati. Yana da amfani ga mai tebur da ba ta iya riƙe ciniki, amma ba shi muke nufi da taimakon juna ba.

Ɗan Maraɗi:
Ku bari in kawo abin da ya gyara raunin adashi, domin a wajenmu aka haife shi. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ta Nijar, daga nan ya bazu ƙasashen Afirka da dama, har ya shigo Najeriya da sunan ƙungiyar ajiya da rance ta ƙauye. Raunin adashi shi ne kuɗi na zuwa ranar da layinka ya zo, ba ranar da kake bukata ba. A nan ana tara kuɗin ne a akwati, mai bukata ta ranta.

Ga yadda ake kafa shi. Mutum 15 zuwa 25 waɗanda suka zaɓi junansu da kansu. In mai gari ko ma'aikacin wata hukuma ya rubuto sunaye, ƙungiyar ba ta kai ƙarshen shekara. Ana zaɓen mutum biyar: shugaba, magatakarda, mai ajiye akwati, da masu ƙirga kuɗi biyu. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan na hannun wasu mutum uku daban waɗanda ba sa cikin biyar ɗin, kuma ba gida ɗaya suke da mai akwatin ba. Ba a buɗe shi sai a taro. Ana yanke kuɗin hannu ɗaya daidai ƙarfin wadda ta fi kowa rauni, kowa na iya sayen hannu 1 zuwa 5 a mako, a buga mata hatimi a ɗan littafinta, hatimi ɗaya hannu ɗaya, don ko wadda ba ta karatu ta iya ƙirga nata. Rance ba ya wuce ninki uku na abin da mutum ya tara, ana biya cikin wata uku. Akwai wata 'yar jaka daban ta asusun jinƙai, kowa na zuba daidai wa daida, daga ita ake ba wadda aka yi wa rasuwa ko gobara ko aka kwantar da ɗanta a asibiti, kyauta ba rance ba. Bayan wata 9 zuwa 12 a tattara basussuka, a fasa akwati, a raba.

Wani abu da ake raina wa: a ƙarshen kowane zama ana faɗin abin da ke cikin akwati da babbar murya, mako mai zuwa kafin a buɗe sai a tambayi jama'a nawa aka rufe. In magatakarda kaɗai ya san jimla, an koma hannun mutum ɗaya.

Almajirin Fiƙihu:
Allah ya saka da alheri, ɗan'uwa, amma ka tsallake inda jama'armu ke tsayawa. Tsarin yadda aka fi koyar da shi yana ɗora wa mai rance ƙarin kashi 5 ko 10 cikin ɗari duk wata. A kira shi ladan hidima ko wani suna, ranta ₦20,000 a biya ₦22,000 riba ce, ko da ribar za ta dawo a raba da wadda ta biya. Adashi kuwa mafi yawan malamai sun halatta shi, tunda abin da ka ba da shi kake karɓa.

Hanyoyin tsira biyu ne. Ta farko, rancen ya zama ƙardan hasana, ba ƙari ko na sisi. Akwatin ba zai yi ƙiba ba, amma zai yi aikin ajiya da ceto. Ta biyu, murabaha. Mace na son buhun gyaɗa don ƙuli-ƙuli. Ba a ba ta kuɗi. Ƙungiya ta tura mutum biyu su sayo buhun, ya shiga hannun ƙungiya tukuna, sannan a sayar mata a faɗa mata nawa aka saya, nawa aka ɗora, ta biya cikin mako 12. Farashin da aka yanke ba ya ƙaruwa ko ta makara. Inda ake kuskure shi ne a miƙa mata kuɗin a ce je ki sayo, mu ɗauka mun sayar miki. Ƙungiya ba ta mallaki komai ba a nan, an koma gidan jiya. Kuma a rubuta kowane bashi da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, don haka kada kunya ta sa a ce ai mun san juna.

Mai Lissafi:
Na yarda da Malam, kuma murabaha na da wata fa'ida ta kasuwanci: kuɗin jari ba ya karkata zuwa anko. Ga misalin rabo don masu tambaya. Mata 25, hannu ₦500, a ce kowa na sayen hannu 2 a mako, mako 48. Hannaye 2,400 ke nan, kuɗi ₦1,200,000. A ce ribar ciniki ta kai akwati ₦1,380,000. A raba da 2,400, kowane hannu ya zama ₦575. Mai hatimi 100 ta tashi da ₦57,500. Ba a raba riba kai-da-kai, da yawan hatimi ake rabawa, kuma a faɗi wannan tun ranar farko, domin rigimar ranar rabo kusan kullum daga nan take tasowa. Asusun jinƙai ba ya shiga rabo, ana tsallakawa da shi sabon zagaye.

Baban Yara:
Duk na ji, amma har yanzu ba ku amsa masu suka ba. Duk tsarin nan na mai ₦500 ne a mako. Bazawarar da ke da marayu biyar, wadda abincin dare ma sai an miƙo ta katanga, ina za ta shiga? Kun ce su zaɓi junansu. To ba mai zaɓenta, don sun san ba za ta iya biya ba. Ashe taimakon juna na masu ɗan hali ne.

Ɗan Maraɗi:
Yaya, wannan suka gaskiya ce, ba zan kare ba. Akwati ba ya ɗaga wanda ke ƙasan ƙasa, kuma ba shi rance cutar da shi ne, domin zai ci kuɗin, sannan ya rasa mutuncinsa a gaban maƙwabta. Irin wannan sai an fara ba shi abin da ke haihuwa. Fulani na da al'adar habbanaye: a ba wanda dabbobinsa suka ƙare aron saniya, ta zauna wurinsa, a al'adar Wodaaɓe har ta haihu sau uku, 'ya'yan nasa ne, uwar ta koma ga mai ita. A Nijar an ɗauki wannan an mayar kan awaki don matan ƙauye. Jar akuyar Maraɗi ta dace da shi, cikinta wata biyar ne, tana yawan tagwaye, in ta samu abinci tana iya haihuwa sau uku a shekara biyu. Ana ba mace akuya biyu ko uku, bunsuru ɗaya na yawo tsakanin gidaje, in an yaye 'ya'ya sai iyayen su wuce gida na gaba.

Abin da ke rusa shi: a raba awaki a tsakiyar rani ba harawa ba dusa, ko a raba wa gidan da ba hatsi, sai a kai akuya kasuwa a mako na biyu, kuma ba laifin matar ba ne. Sai a raba bayan kaka, a haɗa da harawar wake ko ta gyaɗa, a yi musu allurar rigakafin annobar nan mai majina da zawo da likitocin dabbobi ke kira PPR, a killace sababbin saye na mako biyu kafin a haɗa su da na gida. A kuma yanke tun farko: in akuya ta mutu ba da sakaci ba, asarar ta ƙungiya ce.

Malama Mai Bincike:
In ƙara a kan maganar Ɗan Maraɗi. Ƙungiyar BRAC ta Bangaladash ta fara irin wannan a 2002 don mafiya talauci: a ba da dabba ko jari, a ba da ɗan abinci na wasu watanni don kada a cinye jarin, a koyar da sana'a, a buɗe ajiya, wani ya riƙa leƙowa duk mako. An gwada shi a ƙasashe shida har da Ghana da Habasha, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna ribar ta ɗore bayan an janye tallafin a mafi yawansu.

Wanda ya fi shafar muhawararmu shi ne binciken da aka yi a Nijar aka buga a 2022. Matan da ke karɓar tallafin gwamnati ne, duk an sa su a ƙungiyoyin ajiya da horo. Wasu aka ƙara musu jarin sefa 80,000 a dunƙule. Wasu ba a ba su jarin ba, sai aka tara garin gaba ɗaya, maza da shugabanni, aka nuna majigi aka tattauna kan sana'ar mata, aka kuma koya wa matan tsara buri da iya magana. Wasu aka haɗa musu duka biyun. Duka sun ci gaba, amma in aka auna da kuɗin da aka kashe, ɓangarorin da ke da wannan taron gari da horon su suka fi biyan kuɗinsu. Wato goyon bayan miji da maƙwabta abu ne da ake gani a cinikin mace.

Almajirin Fiƙihu:
Baban Yara, gurbin bazawarar nan a zakka yake, kuma mu ne muke ɓata ta. Manomin da amfaninsa ya kai nisabi, wusƙi biyar, kusan kilo 650, zai fitar da ɗaya cikin goma in ruwan sama ne, ɗaya cikin ashirin in ban-ruwa ne da wahala. Mai buhu 50 na damina zai fitar da 5. In ya raba su kwano-kwano ga mutum ɗari, kowa ya yi tuwon kwana biyu. In masu zakka uku a unguwa suka haɗa kai suka ba gida biyu ko uku abincin wata shida da abin sana'a, baɗi gidajen na iya sayen hannu a akwati. Jihohi irin su Sakkwato da Zamfara na da hukumomin zakka da waƙafi, amma kwamitin masallacin unguwa ya fi kowa sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Malamin Gona:
A karkara talauci na da lokaci, kuma a nan gayya ke shigowa. Noman farko na gero da dawa yana son a yi shi cikin mako biyu zuwa uku bayan shuka. Daidai lokacin rumbun talaka ya ƙare, sai ya tafi ƙwadago gonar mai hali don ya ciyar da gida, tasa gonar ciyawa ta rufe ta. Kaka ta zo ya samu kaɗan, ga bashin damina da zai biya da hatsi a lokacin da hatsi ya fi araha. Haka shekara ke bin shekara.

Gayyar da aka saba, mai kiɗa da tuwo da fura, ta fi amfanar mai iya ciyar da mutum arba'in. Wadda ke taimakon talaka ita ce ƙarama ta karɓa-karɓa: mutum 6 zuwa 8 masu gonaki kusa da juna, daga asuba zuwa hantsi a gonar mutum ɗaya, kowa da furarsa, cikin kwana takwas an zagaye kowa, yamma kuma kowa ya je ƙwadagonsa. In sun wuce goma, na ƙarshe zai samu noma bayan ciyawa ta gama ɓarna. A auna aiki da yawan kunyoyin gona ko da igiya, kada mai kadada uku ya ci ƙarfin mai rabin kadada.

Sai ajiyar kaka. A Nijar ana yin abin da suke kira warantaji: manoma su tara buhunansu a sito ɗaya mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurinsu, ɗaya wurin mai ba da lamuni, a ba su wani kaso na darajar hatsin, ƙasa da cikakken farashinsa, su yi noman rani ko kiwo da shi, a buɗe sito gab da damina. Haɗarinsa uku: hatsin da bai bushe ba, ƙwari musamman a wake, wanda buhun PICS mai ruɓi uku ke magancewa ba tare da guba ba, da kuma shekarar da farashi ya ƙi tashi. Saboda na ukun, kada a jinginar da abincin gida, rarar kawai.

Ɗan Kantin Kwari:
Ni inda na bambanta da ku: in talakawa 25 suka haɗu, duk abin da suka sani iri ɗaya ne. Duk su ranci kuɗi, duk su soya awara a layi ɗaya, ciniki ya rabu 25. Abin da ke canza rayuwa shi ne sanin wanda ya fi ka. Wani babban bincike a Amurka a 2022, da aka yi da bayanan abokantaka na mutum sama da miliyan 70 a Facebook, ya gano cewa yaran talakawa da suka tashi a inda talaka da mai hali ke abota sun fi samun kuɗi da suka girma. Mu mun san wannan tun da. Fataken goro da na shanu sun yi ƙarfi ne da tsarin maigida a zango, a Kumasi ko Sabo ta Ibadan: baƙo ya sauka, maigida ya ba shi masauki, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa a ba shi kaya bashi. Haka yaron shago a Kwari ko Singa yake fara karɓar kaya ya sayar ya kawo kuɗi, da sunan ubangidansa.

Saboda haka kowace ƙungiya ta nemi mutum ɗaya ko biyu na sama da ita, ba don su zuba kuɗi ba, don su buɗe ƙofa: dillalin da zai karɓi man gyaɗarsu a jarka, shugabar makarantar da za ta ba su ɗinkin kayan ɗalibai. Amma kada a ba su makulli ko shugabanci, kuma ɗan siyasa ya tsaya a waje. A tsarin yaron shago ma a yanke shekarun hidima da abin sallama a gaban shaidu, domin an sha riƙe yaro shekara goma a sallame shi da addu'a kawai.

Maman Tagwaye:
Gaskiya ne Alhaji. Kuma a faɗa wa mata, gudummawar biki ma bashi ce. An kawo miki dubu biyar, ranar nata sai kin mayar da abin da ya fi haka. Da yawa kwasar adashinsu a nan take ƙarewa.

Uwar Adashi:
Shi ya sa ake tambayar mai kwasa tun kafin ranarta me za ta yi da shi, kuma a raba adashin biki da na jari, kada a gauraya. Wadda ta daina zuwa taro kuma kada a fara da tara. Zumunta a ƙafa take, a tura mata mutum biyu gida. Sau da yawa ciwo ne ko miji ya hana, kuma in an je da wuri ana sassauta mata biya kafin bashin ya zama abin kunyar da zai sa ta ɓuya.

Baban Yara:
To tsaron akwatin fa? Miliyan ɗaya a ɗakin mace a ƙauye a wannan zamani?

Mai Lissafi:
Yawancin shekara akwatin kusan wofi yake, kuɗin na hannun masu rance. Haɗarin na watanni biyun ƙarshe ne da ake tattara bashi. A lokacin a kai banki. A yi rajista a sashen ƙungiyoyin gama-kai na jiha, a buɗe asusu da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, sai biyu sun sa kafin a cire, saƙon shiga da fita kuma ya riƙa zuwa wayar wani daban. In ƙaramin banki ne a tabbatar yana da lasisin Babban Banki da inshorar NDIC, hukumar da ke kare ajiyar banki, wadda tun 2024 ke biyan har ₦2,000,000 ga mai ajiya a irin waɗannan bankuna. Canjin kuɗi na farkon 2023 ya nuna illar tara tsabar kuɗi da yawa a gida. Kada a sanar da ranar rabo a wajen ƙungiya. Kuma duk adashin WhatsApp da ba ku san fuskokin juna ba, ko aka ce zuba goma ka kwashi goma sha uku, ku tuna MMM ma da sunan taimakon juna ta zo kafin ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016.

Maman Tagwaye:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. In mai bashi ta rasu fa?

Almajirin Fiƙihu:
A shari'a bashi na fita daga abin da ta bari kafin a raba gado. A aikace, a fara cirewa daga ajiyarta da ke akwati, in akwai saura a miƙa wa magada a gaban shaidu. In bashin ya fi ajiyar, ƙungiyoyi da yawa na rubuta a dokarsu cewa asusun jinƙai zai cike, ko a yafe da yardar kowa, don kada a bi marayu da takarda. Adashi ya fi wuya, domin in ta riga ta kwasa, sauran zubin bashi ne a kanta, in ba ta kwasa ba, abin da ta zuba haƙƙin magada ne. Shi ya sa ranar shiga kowa zai faɗi sunan wanda zai tsaya masa, a rubuta, shi ma a kira shi ya amsa da bakinsa.